DARASIN KWAMFUTA: YADDA AKE TSARA ZIRIN AYYUKA A BABBAR MANHAJAR LINUX

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta ya san wani siririn ziri da yake shimfiɗe a ƙasan allo ko a samansa, wanda yake ɗauke da agogo a gefe guda, da maɓallin buɗe manhajoji a ɗaya gefen, a tsakiya kuma ga sunayen ayyukan da ake cikin yi. Wannan shi ake kira zirin ayyuka. Matsayinsa a kwamfuta tamkar matsayin kanta ne a wurin mai shago, wato wurin da ake jera kayan da aka fi nema domin hannu ya kai gare su ba tare da wahala ba.

Dalilin kawo wannan darasi a yanzu shi ne, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a shekarar 2021, tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da kuma wani ɗan ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Saboda haka makarantar da take da irin waɗannan kwamfutoci tana da zaɓi uku: ko ta ci gaba da aiki da manhajar da ba ta da kariya, ko ta sayi sababbi, ko kuwa ta sa musu wata babbar manhaja dabam. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma manhajar Linux tana iya tayar da kwamfutar da aka riga aka fid da rai da ita. Sai dai abin da yakan fara korar ɗalibi daga sabuwar manhaja shi ne ya duba allo ya rasa inda zai danna. Gyaran wannan matsala kuwa daga zirin ayyuka yake farawa.

Asalin Zirin Ayyuka

Zirin ayyuka ya yi suna a duniya ne tare da Windows 95, wadda aka fitar a ranar 24 ga Agusta, 1995. Amma kafin nan an riga an yi makamantansa. A shekarar 1987 kamfanin Acorn na ƙasar Ingila ya sa jerin alamomi a ƙasan allon kwamfutocinsa na Archimedes, haka nan kwamfutocin NeXT na ƙasar Amurka sun zo da nasu jerin a gefen dama na allo a ƙarshen shekarun 1980.

Babbar manhaja ita ce wadda take shiga tsakanin ƙarafan kwamfuta da sauran manhajoji, kamar na rubutu da na lissafi da na shiga intanet. Linus Torvalds ne ya fara rubuta cibiyar Linux a shekarar 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Ana ba da ita kyauta, kuma kowa yana da iznin duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba.

Wani bambanci da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, a Linux cibiya dabam take, farfajiyar da ido yake gani kuma dabam. Akwai tsare-tsaren farfajiya iri iri da mutum zai zaɓa. Daga ciki akwai KDE, wanda Matthias Ettrich ya fara a 1996, da GNOME, wanda Miguel de Icaza da Federico Mena suka fara a 1997, da kuma Xfce, wanda wani Bafaranshe mai suna Olivier Fourdan ya fara a 1996. Wannan darasi a kan Xfce ya tsaya, domin ba shi da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta, kuma ana samunsa a nau'o'in Linux da suka shahara, kamar Xubuntu da Debian da Linux Mint. Ita Linux Mint tana iya tashi da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 2, ko da yake 4 ta fi daɗin aiki.

Ilimin da ke Bayan Tsarin: Dokar Fitts

Kafin a taɓa kome, yana da kyau a san cewa wurin da aka ajiye maɓalli da girman da aka ba shi al'amari ne da masana suka auna. Paul Fitts masanin halayyar ɗan Adam ne Ba'amurke, wanda ya yi aiki da rundunar sojan sama ta ƙasarsa a kan tsarin ɗakin matuƙin jirgi. A shekarar 1954, yana Jami'ar Jihar Ohio, ya wallafa sakamakon wani gwaji inda ya sa mutane su riƙa taɓa farantan ƙarfe biyu da wani tsinke, daga wannan zuwa wancan, da iyakar saurinsu, yana sauya faɗin farantan da nisan da ke tsakaninsu. Ya gano cewa lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa yana ƙaruwa idan abin ya yi nisa, yana kuma raguwa idan abin ya yi faɗi. Ya tsara ma'aunin wahalar kamar haka:

Wahala = log₂ (2N ÷ F)

A nan N yana nufin nisa, F kuma faɗi. Alal misali, idan maɓalli yana da nisan santimita 16 daga inda kibiya take, faɗinsa kuma santimita 1, to 2N ÷ F zai ba da 32. Tun da yake sai an jera 2 sau biyar ana ninkawa kafin a sami 32, ma'aunin wahala ya zama 5. Idan aka mai da faɗin santimita 2, lissafin zai ba da 16, wahala ta sauko zuwa 4. Idan ya zama santimita 4, ta sauko zuwa 3. Ke nan duk ninki ɗaya na faɗi yana rage mataki ɗaya, duk ninki ɗaya na nisa kuma yana ƙara mataki ɗaya. A shekarar 1978 Stuart Card da William English da Betty Burr, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, suka nuna cewa wannan doka tana aiki a kan linzamin kwamfuta.

Daga nan ne aka fahimci darajar bakin allo. Idan maɓalli yana tsakiyar allo, dole hannu ya rage gudu yayin da ya kusato shi, don kada kibiya ta zarce. Amma idan yana manne da bakin allo, kibiya ba ta da inda za ta zarce, kome ƙarfin turin da aka yi wa linzami a nan za ta tsaya. Saboda haka maɓallin ya zama kamar wanda zurfinsa ba shi da iyaka. Kusurwoyi huɗu na allo sun fi ko'ina sauƙin samu, domin a can baki biyu ne suka haɗu. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye maɓallin buɗe manhajoji a kusurwa, kuma shi ne ya sa zirin da aka bari yana shawagi nesa da baki ya fi wuyar aiki, ko da ya fi kyan gani.

Mataki na Farko: Wuri da Girma

Da yake rubutun da ke cikin manhajar da Turanci yakan zo, an bar sunayen maɓallai kamar yadda za a gan su a allo. Za a kai kibiya kan zirin, a danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi “Panel”, sa'an nan “Panel Preferences”. Taga za ta buɗe mai shafi uku: “Display” na wuri da girma, “Appearance” na launi da kamanni, da “Items” na abubuwan da aka jera a zirin.

A shafin farko akwai “Lock panel”, wato makullin zirin. Idan aka cire alamar da ke jikinsa, mariƙi zai bayyana a ƙarshen zirin, wanda za a kama da linzami a ja shi zuwa sama ko ƙasa ko gefe. Da zarar an kai shi inda ake so sai a mayar da makullin. Akwai kuma “Mode” mai zaɓi uku: “Horizontal” a kwance, “Vertical” a tsaye da rubutu a karkace, da “Deskbar” a tsaye amma rubutu yana miƙe yadda za a iya karantawa.

Zaɓin kwance ko tsaye shi ma lissafi ne. Hoton da ke allo ya ƙunshi ƙananan ɗigo da ake kira fiksel. Allon ƙananan kwamfutocin cinya da yawa yana da fiksel 1366 a faɗi da 768 a tsawo. Idan aka shimfiɗa ziri mai kaurin fiksel 48 a kwance, zai cinye fiksel 65,568, wato kashi 6.25 cikin ɗari na allon. Idan aka tsayar da shi a gefe da wannan kauri, fiksel 36,864 kawai zai ci, kimanin kashi 3.5 cikin ɗari. Bugu da ƙari, takardu da shafukan intanet daga sama zuwa ƙasa suke tafiya, don haka tsawo ya fi faɗi tsada. Amma siririn zirin tsaye ba shi da wurin rubuta cikakkun sunayen tagogi a miƙe, wanda hakan yakan rikita sabon koyo. Shawara ita ce, a ajin 'yan farko a bar shi a kwance a ƙasa, inda idon da ya saba da Windows zai neme shi.

Ana sauya kauri ta “Row size”. Kauri tsakanin fiksel 32 da 40 yakan wadatar a ƙaramin allo, amma ga ɗalibi mai raunin gani, ko a allon da ake haskawa a bango, gara a ƙara. “Number of rows” yana ƙara yawan layuka, “Length” kuma yana nuna tsawon da zirin zai mamaye a bakin allo. A kai shi iyakarsa domin ƙarshensa biyu su kai kusurwa. Akwai kuma damar ɓoye zirin: “Never” ba ya ɓuya, “Always” yana ɓuya kullum sai an kai kibiya bakin allo, “Intelligently” kuma yana ɓuya ne kawai idan tagar da ake aiki da ita ta hau kansa. Ɓoyewa tana ƙara fili, amma a ɗakin kwamfuta na makaranta ba a son ta, domin ɗalibin da bai ga zirin ba zai ɗauka na'urar ce ta lalace.

Mataki na Biyu: Jera Kaya

A Xfce zirin da kansa fanko ne, duk abin da ake gani a jikinsa ɗora shi aka yi, kuma ana iya sauke shi. A shafin “Items” ana ganin jerinsu. Na saman jerin shi ne na ƙarshen hagu a zirin kwance. Akwai maɓallin ƙarawa da na cirewa, da kibiyoyi biyu na kai abu gaba ko baya. Ga tsarin da ya dace da makaranta, daga hagu zuwa dama:

1. “Whisker Menu”: ƙofar shiga dukkan manhajoji. Tana da gurbin bincike, inda rubuta haruffa biyu ko uku na sunan manhaja zai fito da ita. Wurinta shi ne kusurwa.

2. “Launcher”: maɓallin buɗe manhaja guda da danni ɗaya. Uku ko huɗu sun isa, kamar Firefox ta shiga intanet, da LibreOffice Writer ta rubutu, da Thunar ta duba fayiloli. Idan suka yi yawa, ido zai ɓata lokaci wajen nema, amfaninsu ya tafi.

3. “Window Buttons”: wannan shi ne zuciyar zirin, domin kowace taga da aka buɗe tana samun maɓallinta a nan. A cikin saitinsa ana iya nuna suna tare da alama, ko alama kaɗai, ana kuma iya tattara tagogin manhaja ɗaya a ƙarƙashin maɓalli guda. Tattarawa tana rage cunkoso, amma tana ƙara danni ɗaya kafin a kai ga taga.

4. “Separator”: tazara. A cikin saitinsa akwai “Expand”. Idan aka sa masa alama, zai buɗe ya cike duk filin da ya rage, ya tura abubuwan da ke bayansa zuwa ƙarshen dama. Mafi yawan waɗanda suka ga agogonsu ya gudo tsakiya ko hagu, wannan tazarar suka cire ba da sani ba.

5. “Status Tray Plugin” da “PulseAudio Plugin” da “Power Manager Plugin”: na farko yana nuna alamomin manhajojin da ke aiki a ɓoye, kamar ta haɗin intanet, na biyu ƙarfin sauti, na uku kuma yawan cajin batir, abin da ba a raina shi a inda wutar lantarki take yawan ɗaukewa.

6. “Keyboard Layouts”: mai sauya tsarin allon rubutu. Linux tana zuwa da tsarin Hausa na Nijeriya da kuma na Gana. Idan aka ƙara ɗaya daga cikinsu a saitin allon rubutu, danni ɗaya a zirin zai sauya daga Turanci zuwa Hausa, ɗalibi ya sami haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, ya daina rubuta “kasa” a inda yake nufin “ƙasa”.

7. “Clock”: agogo. Ana iya tsara yadda zai nuna lokaci da wasu alamomi: %d ranar wata, %m wata, %Y shekara, %H awa, %M minti. Wanda ya rubuta %d/%m/%Y zai ga rana kafin wata, kamar yadda ake rubutawa a Nijeriya da Nijar. Idan agogo yana komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe kwamfuta, ba laifin zirin ba ne: ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke cikin na'urar, wanda galibi lambarsa CR2032, shi ne ya mutu. Ya kamata a sauya shi, domin shafukan intanet da yawa ba sa buɗewa idan kwanan wata ya kauce.

Mataki na Uku: Launi da Kamanni

A shafin “Appearance” ana zaɓar launin zirin ko a sa masa hoto, ana kuma iya sa shi ya zama garai-garai har a hango abin da ke bayansa. Wannan na ƙarshe ƙarin aiki ne ga tsohuwar kwamfuta, kuma yana rage fitowar rubutu. Ƙa'idar da za a bi guda ce: rubutu mai haske a kan launi mai duhu, ko mai duhu a kan mai haske.

Adana Tsari da Gyaran Ɓarna

Kwamfutar makaranta hannu da yawa ne suke taɓa ta, kuma rigakafi ya fi magani. Xfce yana ajiye tsarin zirin kowane mai amfani a cikin wani fayil mai suna xfce4-panel.xml, a ɓoyayyar jakar .config da ke gidan mai amfanin. Tun da yake kowane asusu da nasa fayil, abu na farko da malami zai yi shi ne ya raba asusunsa da na ɗalibai, ta yadda ɓarnar da aka yi a ɗaya ba za ta shafi ɗayan ba.

Akwai kuma wata ƙaramar manhaja mai suna “Panel Profiles”, wadda take adana tsarin da aka gama, ta mayar da shi duk lokacin da aka buƙata. Tana iya fitar da tsarin a matsayin fayil guda, wanda za a ɗauka a filashi a shigar a sauran kwamfutocin ɗakin, duk su zama iri ɗaya. Amfanin haka a aji a bayyane yake: idan malami ya ce a danna maɓalli na biyu daga hagu, kowa abu ɗaya zai danna.

Idan zirin ya ɓace gaba ɗaya, a danna Alt da F2 tare, a rubuta xfce4-panel a gurbin da ya bayyana, a danna Enter, zai dawo. Idan kuwa yana nan amma ya daskare, a rubuta xfce4-panel -r, wanda zai sake tayar da shi ba tare da an rufe sauran ayyuka ba.

Sauran Tsare-tsare

Wanda ya fahimci wannan ba zai sha wuya a wani wuri ba. Zirin KDE Plasma shi ma ana jansa zuwa kowane baki, ana ɗora masa kaya ana saukewa. GNOME ya fi taƙaita sauye-sauye, sai an ƙara masa wata manhaja irin su “Dash to Panel” kafin a sami ziri irin wanda aka saba. Ita kuwa Haiku, babbar manhajar da aka fara a 2001 domin ta gaji BeOS, tana ajiye nata zirin mai suna Deskbar a kusurwar dama ta sama, tana jera manhajojin da ke aiki daga sama zuwa ƙasa, kuma ana iya jansa zuwa wata kusurwa ko a shimfiɗa shi a kwance.

Aikin Gwaji

1. A zana layuka biyu masu faɗin santimita 1 a takarda, nisan tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan santimita 16. Ɗalibi ya riƙa taɓa su bi da bi da fensir har daƙiƙa 15, wani yana ƙirgawa. A maimaita da faɗin santimita 2 da 4. A rubuta sakamakon a jadawali, a gwama shi da ma'aunin wahala na 5 da 4 da 3.

2. Allo yana da fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsawo. Kashi nawa cikin ɗari ziri mai kaurin fiksel 40 zai ci idan yana kwance, nawa kuma idan yana tsaye?

3. A cire alamar “Expand” daga tazarar zirin, a bayyana abin da ya faru da dalilinsa, sa'an nan a mayar da ita.

Kammalawa

Wannan darasi ya nuna cewa tsara zirin ayyuka yana tafiya ne a kan abubuwa uku: a manna shi da bakin allo domin hannu ya same shi da sauri, a ba shi kaurin da ido zai gani ba tare da ya cinye filin aiki ba, a kuma jera masa abin da ake buƙata kawai. Malamin da zai sauya manhajar ɗakin kwamfuta ya fara da na'ura guda, ya tsara zirinta, ya bar ɗalibai su yi aiki da ita na mako ɗaya ko biyu, ya gyara abin da ya ba su wuya, kafin ya kwafe tsarin zuwa sauran.